Yadda Ake Tono Tarihin Zamanin Ƙanƙara Daga Ganyen Itatuwan Dutse

Manomin da ke shuka hatsi a jigawar da ta kewaye Damagaram, a kan tsohuwar hamada yake shuka. Tuddan rairayin da ake ratsawa a hanyar Gure ko ta Tanut, waɗanda yau gawo da aduwa suka ɗaure, sun taɓa yin tafiya da iska kamar na Tenere. A 1958 wani masanin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kan irinsu, ya kira su tsohon tekun rairayi na ƙasar Hausa. Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da arewacin Amurka har ruwan teku ya ja baya da kusan mita 120, mu a nan ba ƙanƙara muka gani ba. Fari muka gani. Hamada ta sauko kudu da ɗaruruwan kilomita, Tafkin Cadi ya kusa ƙafewa ƙurmus. Daga baya, tsakanin shekara 11,000 zuwa kusan 5,500 da suka wuce, damina ta dawo da ƙarfinta, tafkin ya cika ya batse har faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000, mutanen Gobero, wani wuri a Tenere, suna kamun kifi a nasu tafkin, inda yau ko ɗigon ruwa babu.

Itatuwan da ke saman duwatsun Abzin sun ratsa wannan duka suna tsaye, kuma abin da ya same su yana rubuce a cikin ganyensu. Wannan bayani na ɗalibin ilimin tsirrai ne da ma'aikacin gandun daji da ke son karanta rubutun da kansa. Tun yanzu ka riƙe abu guda: ba a ɗakin gwaji ake ɓata irin wannan aiki ba, a kan dutse ake ɓata shi, ranar tsinkar ganye.

Abin da kake nema a cikin ganyen

Bahaushe ya san tsaga. Kafin mutum ya buɗe baki, zanen da wanzami ya yi masa a kunci ya riga ya faɗi ko Bagobiri ne ko Babarbare. Itace ma yana da tasa tsagar, sai dai tana cikin zaren gado, wanda a makarantunmu ake kira ADN, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna cewa DNA. Zaren jerin haruffa huɗu ne, A da C da G da T. Idan harafi ɗaya ya sauya a jikin wata uwa, duk zuriyarta za su gaji sauyin. Kowane irin jeri da ya bambanta da ɗan'uwansa masana na ce masa haplotip. Mu a nan tsaga za mu ce.

Gadon kashi biyu ne, kuma kada ka haɗa su. Akwai na kuloroplas, wato ƙwayoyin da ke sa ganye ya yi kore. A mafi yawan tsirrai masu fure ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, don haka ba ya zuwa ko'ina sai inda ƙwayar iri ta je. Akwai kuma na cibiyar ƙwayar halitta, wanda uwa da uba ke haɗawa, kuma garin fure kan ɗauke shi ya yi nisa da shi a iska. Na farko yana nuna hanyar da zuriya ta bi da ƙafarta, na biyu yana nuna auratayya. A dangin fayin da sifres, itatuwan da ba sa fure, abin ya juya, kuloroplas ta wajen uba yake zuwa. Wanda zai yi aiki a kan tarut, sifres ɗin duwatsun Tasili na Aljeriya da bai wuce itace ɗari biyu da ƴan kai ba a daji, sai ya kiyaye wannan.

Ga wani lissafi da ɗalibai da yawa ba sa yi. Zaren kuloroplas a hankali yake sauyawa ƙwarai. A guntu mai haruffa 1,000, sauyi ɗaya kan ɗauki shekara 300,000 zuwa miliyan guda, a itatuwa masu tsawon rai ma ya fi haka jinkiri. Shekara 21,000 ba ta isa ta ƙirƙiro sababbin tsagogi da yawa a irin wannan guntu ba. Abin da farin ya yi shi ne ya kashe wasu zuriyoyi, ya bar wasu a lungu, ya raba waɗanda da suke tare. Saboda haka ba yawan tsaga kawai za ka duba ba. Inda kowace tsaga take zaune a taswira, nan labarin yake.

Zaɓen itace da zaɓen duwatsu

Itacen da ya dace shi ne wanda ke zaune a kan duwatsu da dama da hamada ta raba, ba ya kuma iya rayuwa a filin da ke tsakaninsu. A ƙasarmu babu kamar zaitun ɗin dutse, Olea europaea laperrinei, wanda Abzinawa ke kira aleo. Ɗan'uwan zaitun ɗin da ake matse mai ne, ganyensa siriri, bayansa fari-fari kamar azurfa. Galibi sama da mita 1,400 ake samunsa, a Bagzan da Tamgak da Girebun, sai Ahaggar a Aljeriya da Jabal Marra a Sudan. Idukal-n-Tages da ke kan Bagzan, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar, mita 2,022 ne. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi, ga inuwar kwazazzabai da ruwan da ke maƙalewa a tsagin dutse. Shi ya sa dutse ya zama mafaka.

Kada ka ɗauko labarin Turai ka ɗora wa Abzin. A can sanyi ne ya kora itatuwa zuwa Sifen da Italiya da yankin Balkan, da ƙanƙara ta narke suka sake bazuwa arewa, kamar yadda masanin gadon halittu Godfrey Hewitt ya bayyana. A duwatsun gabashin Afirka irin su Kilimanjaro, sanyin ya sauko da tsirran sama ƙasa da kusan mita 1,000. A namu yankin abu biyu ne ke ja-in-ja: sanyi yana ba itacen dutse damar saukowa, fari yana hana shi. Ya fi kyau ka shiga aikin da tambaya a buɗe: shin duwatsun nan sun haɗu ne a lokacin sanyi, ko a lokacin babbar damina da ta biyo baya, ko kuwa rabuwarsu ta girmi duka biyun?

Wajen tsara tafiya, yawan duwatsu ya fi yawan itatuwa a dutse ɗaya amfani. Itace 100 daga Bagzan kaɗai ba za su gaya maka komai game da rabuwa ba. A kowane rukuni ka nemi itace 8 zuwa 10 idan kuloroplas kawai za ka karanta, 25 zuwa 30 idan za ka haɗa da na cibiya. Inda ba su kai haka ba, ka ɗauki duk wanda ka samu. Samfurin Ahaggar da Jabal Marra kuwa, an riga an zuba jerin haruffan wasunsu a rumbun GenBank na intanet, kyauta ake saukewa.

Izini, lokaci da kaya

Yawancin arewa da gabashin Abzin yana cikin gandun Abzin da Tenere, mai faɗin kadada miliyan 7.7, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991. Ko a cikin gandun ko a wajensa, ka nemi takardar jami'arka da izinin ma'aikatar muhalli, ka kuma gabatar da kanka ga hukumomin Agadas game da tsaro kafin ka bar gari. Idan samfurin zai ƙetare iyaka zuwa wani ɗakin gwaji, yarjejeniyar Nagoya da ta fara aiki a 2014 ta shafe ka, kuma mujallu da yawa yanzu suna tambayar takardar kafin su buga bincike. A ƙauyen da ke gindin dutse ka fara da gaida maigari, ka ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin. Makiyayin da ke kai awaki saman Bagzan ya san kwazazzabon da aleo yake fiye da kowace taswira.

Daga Zinder zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisinat kusan kilomita 450 ne. Daga nan sai Tabelot ga mai son Bagzan, Iferwan ga mai son Tamgak. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da itace ya yi sabon toho. A watan Disamba da Janairu ana iya hawa, amma dare a sama kan yi sanyin da ruwa ke daskarewa. Da bazara ganyen ya tsufa ya cika da sinadaran da za su wahalar da kai daga baya.

Kayan ba su da yawa. Babbansu silika, wato ƴan ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake tararwa a ƙunshe cikin kwalin takalmi ko na magani. Ka sayi mai sauya launi: ruwan lemo da ke komawa kore ko fari idan ta sha ruwa, ko shuɗiya da ke komawa ruwan hoda. Ka lissafa giram 15 ga kowane itace, ka ƙara rabin jimlar a kai don canji. Itace 150 ke nan suna son kilo uku da ɗan abin da ya ɗara. Sai ƙananan ambulan na takarda mai shan iska ko takardar tace kofi, leda mai zif, roba mai murfin da ke rufuwa gam, almakashi, alkol na goge shi, fensir, littafi, na'urar GPS ko wayar da ke nuna wuri ba tare da layi ba, tsofaffin jaridu da katako biyu na danne reshe.

Kafin ka kashe kuɗin mota, ka gwada hannunka a gida. Ka je duwatsun Birni ko tsaunukan Kutus, ka tsinko anza da dashi da ɓaure, ka busar, ka fitar da ADN ɗinsu. Kuskuren da za ka yi a nan na kwana ɗaya ne.

A gindin itacen

A nan ne ya kamata ka rage sauri. Zaitun ɗin Abzin ba kasafai yake haihuwa ta iri ba. Binciken da Fabien Anthelme da Guillaume Besnard da abokan aikinsu suka buga a 2007 da 2008 ya nuna cewa yawanci ta gindi yake toho. Tsohon kututture ya mutu a tsakiya, rassa su fito a kewaye, bayan ƙarnuka sai ka ga kamar itace biyar ko shida a zagaye alhali rai ɗaya ne. Wanda ya tsinki ganye daga kowannensu ya rubuta itace shida, ya ƙirga mutum ɗaya sau shida. A lissafi sai ya ga bambancin gado ya yi ƙasa, ya rubuta cewa farin zamanin ƙanƙara ya kusa ƙarar da zuriyar, alhali hannunsa ne ya jawo.

Maganin shi ne tazara. Ka bar aƙalla taku talatin tsakanin itace da itace. Idan kana son sanin girman rai ɗaya, ka ɗauki kowane kututture daban, amma ka ba su lamba ɗaya da harafi, kamar BG-07a da BG-07b, ka zana yadda suke tsaye a littafi. Gwajin cibiya zai faɗa maka daga baya ko ɗaya ne.

Ka zaɓi ganyen da ya gama buɗewa amma bai tsufa ba, marar tabo, marar farin ƙura irin ta naman gwari, wanda ƙwaro bai huda ba. Tabon nan wata halitta ce mai nata ADN, za ta shiga cikin naka. Inda awaki da raƙuma suka cinye itacen ya koma dunƙule kamar ƙaya, ka leƙa cikin tsakiya ko ka miƙa sama inda baki bai kai ba. Ganye 8 zuwa 10 sun isa, kusan giram ɗaya. Kada ka karya babban reshe, itacen da ya yi ɗaruruwan shekaru yana fama da fari ba ya mayar da reshe da wuri. Ka goge ƙura da busasshen tsumma, kada ka wanke da ruwa. Ganyen zaitun yana da kauri kamar fata, don haka ka yanka kowanne gida biyu ko uku, danshi ya sami ƙofar fita. Ka goge almakashi da alkol kafin itace na gaba.

Lamba da fensir ake rubuta ta, a jikin ambulan da kuma a ƴar takarda a ciki. Tawadar da aka rubuta a bayan leda takan goge da zafi da gogayya a kan jaki, kuma samfurin da ya rasa lamba ya zama shara, ko da ka tuna a ranka. A littafi ka rubuta lamba, kwanan wata, wurin GPS, tsawon wurin daga teku, gefen da gangaren ke fuskanta, kaurin kututture, ko akwai fure ko ƴaƴa, da ko akwai ƙananan da suka tsiro daga iri a kusa. Wannan na ƙarshe yana da daraja ƙwarai. A kowane rukuni ka yanki ɗan reshe guda mai tsawon taƙi ɗaya, ka danne shi a jarida don ajiya a ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'a. Shi ne shaidarka idan wani ya ce ba wannan itace ka tsinka ba.

Busarwa

ADN yana fara lalacewa da zarar ganye ya bar uwarsa, domin sinadaran da ke cikin ganyen suna sassara shi muddin akwai ruwa. Dole ganye ya bushe cikin awa 12 zuwa 24. Ƙa'idar da Chase da Hills suka kafa a 1991 ita ce silika ta ninka nauyin ganye sau goma. Ka sa ambulan a leda, ka zuba silika, ka matse iska, ka ja zif. Da dare ka duba. Idan launi ya juya, ka zubar ka sa sabuwa. Ganyen da ya bushe daidai yana nan kore, kuma idan ka lanƙwasa shi zai karye ƙas. Wanda ya yi baƙi ko ruwan ƙasa ya riga ya ruɓe a ciki.

Mutum zai ce ai iskar Abzin busasshiya ce, a shanya a rana mana. Rana tana busarwa, amma zafinta da haskenta suna karya zaren. Haka ledar da aka bari a gaban gilashin mota. Ka ajiye robar a ƙarƙashin kujera ko cikin buhu a inuwa. Kada ka cusa ganye da yawa a ambulan ɗaya, na tsakiya zai yi gumi. Kada kuma alkol ya taɓa ganyen gwaji. Silikar da ta sha ruwa ba a yar da ita: a gasa ta a tanda mai zafin digiri 110 zuwa 120 na awa ɗaya ko biyu, launinta zai dawo. Amma wadda ta taɓa gaurayuwa da gutsuren ganye kada ta koma kan wani samfuri.

A ɗakin gwaji

Hanyar fitar da ADN da ta fi araha ita ce ta CTAB, wani sinadari mai kama da sabulu, wadda Doyle da Doyle suka bayyana a 1987. Ruwan haɗin ya ƙunshi CTAB kashi 2 cikin 100, gishirin NaCl mola 1.4, Tris milimola 100 a pH 8, da EDTA milimola 20. Ga zaitun ka ƙara sinadarin PVP mai kama ɗaci kashi 1 zuwa 2 cikin 100, domin ganyensa cike yake da sinadaran ɗaci da ke manne wa ADN su mai da shi ruwan ƙasa. Ana ƙara ɗan markaptoetanol, kashi 0.2 cikin 100, daf da fara aiki.

Ka auna busasshen ganye miligiram 20. Kada kwaɗayi ya sa ka ƙara, yawan ganye datti yake ƙarawa. Ka niƙa shi a ƙaramin turmin tangaran da ɗan tsabtataccen yashi har ya zama gari kamar kwalli. Rabin waɗanda ADN ɗinsu ya ƙi fita, niƙa ce ba su yi ba. Ka zuba mikrolita 700 na ruwan haɗin da aka ɗumama, ka sa a ruwan zafi mai digiri 65 na minti 45 zuwa 60, kana juyawa a hankali duk bayan minti goma. Sai ka zuba kuloroform da aka haɗa da alkol na isoamil, 24 bisa 1, daidai yawan abin da ke ciki. Wannan a ƙarƙashin murhun zuƙe iska ake yinsa, da safar hannu, domin tururinsa yana cutar da hanta. Ka wulwula a injin santirifuj na minti 10 a juyi 12,000 a kowane minti. Abin zai rabu hawa uku. Na sama kawai za ka tsotsa, kusan mikrolita 500, kada bakin fifet, bututun tsotsa, ya taɓa farin dattin tsakiya. Ka zuba isopropanol mai sanyi kashi biyu cikin uku na yawansa, ka sa a firiza na rabin awa ko awa guda, ka sake wulwulawa. Ɗan farin ɗigon da ya kwanta a gindi shi ne abin da ka hau dutse dominsa. Ka wanke shi da etanol mai ƙarfin 70, ka bari ya sha iska, ka narkar a mikrolita 50 zuwa 100 na ruwan TE, wato haɗin Tris da EDTA.

Idan ɗigon ya fito da yauƙi, fifet na jan sa kamar zare, sukarin ganye ne ya biyo. Duk wanda ya gwada da ganyen kuka ya san wannan: yauƙin da ke sa miya daɗi shi ne ke hana gwaji tafiya. Wanke garin da ruwan sorbitol kafin CTAB yana rage shi. A na'urar awo da haske, rabon 260 bisa 280, mai nuna tsabtar ADN, ya tsaya kusa da 1.8. A kan agaros, daskararren jel da ake tura ADN ta cikinsa da lantarki don a ga tsawonsa, mai kashi 1 cikin 100, kana son layi ɗaya mai kauri a sama. Idan ka ga shafe kamar hayaƙi har ƙasa, zaren ya kakkarye tun a daji. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, narkewa da sake daskarewa suna ƙara karya shi, don haka ka raba kowane samfuri gida biyu, ka cika firiza da robobin ruwa su riƙe sanyi.

Daga nan sai ninka guntun da kake so da PCR, hanyar kwafe guntun zare sau miliyoyi a inji: mikrolita 25, ADN nanogiram 10 zuwa 20, zagaye 30 zuwa 35, digiri 94 na buɗe zare, 50 zuwa 55 na kamawa, 72 na ginawa. Kullum ka sa bututu ɗaya da ruwa zalla. Idan shi ma ya ba da layi, an sami gauraya, ka zubar ka sake. Idan samfuri ya ƙi, kafin ka ƙara ADN ka sirka shi da ruwa sau goma, sau da yawa dattin ne ya yi yawa. Guntayen kuloroplas da aka saba farawa da su su ne trnL-trnF da trnH-psbA da rpl32-trnL. Amma zaitun yana da ƙarancin bambanci a kuloroplas, kana iya karanta itace hamsin ka ga tsaga ɗaya. Ga shi sai an koma ga wuraren da haruffa ke maimaita kansu, waɗanda ake kira mikrosatelit, ko a karanta kuloroplas ɗin gaba ɗaya, haruffa kusan 155,000. A na cibiya ka yi amfani da wuraren mikrosatelit 10 zuwa 12. Idan ka ga alama uku a wuri ɗaya maimakon biyu, ta uwa da ta uba, kada ka yi saurin cewa gauraya ce: an tarar da wasu zaitun a Ahaggar masu ɗauke da gado ninki uku. Ka sake fitar da ADN daga sabon ganye ka gani.

Karanta sakamakon

Da farko ka cire maimaici. Duk kututturan da suka yi daidai a kowane wuri na cibiya rai ɗaya ne, ka bar guda. Sannan ka jera haruffa, ka duba kowane sauyi da idonka a kan zanen da injin karanta haruffa ya bayar. Sauyin da ya bayyana a itace ɗaya tak ka sake karanta shi daga ɗaya gefen zaren, domin kuskuren inji da sabuwar tsaga kamarsu ɗaya. Manhajar DnaSP za ta ƙirga tsagogi, PopART ta zana danginsu kamar sarƙa, Arlequin ta raba bambancin da ke tsakanin duwatsu da wanda ke cikin dutse ɗaya. Ka ɗora komai a taswira.

Idan kowane dutse yana da tsagarsa da babu ita a wani wuri, kuma tsakaninsu akwai sauyi da yawa, rabuwar ta daɗe, ta girmi farin ƙarshe nesa ba kusa ba, kowane dutse ya riƙe zuriyarsa. Idan tsaga ɗaya ce ta mamaye ko'ina, da ƴan ƙanana kewaye da ita da suka bambanta da harafi ɗaya kamar tauraro, zuriya ce da ta taso daga wuri ɗaya ta bazu ba da daɗewa ba. A nan awon Tajima, wani lissafi da ke nuna ko zuriya ta yawaita kwanan nan, kan faɗi ƙasa da sifiri.

Na ukun shi ke ruɗin mutane. Wani wuri zai nuna tsagogi da yawa, ɗalibi ya yi murna ya ce ga mafaka. Ka shiga kasuwar Dole ranar Alhamis, za ka ga kowace irin tsaga, Bafillace da Buzu da Babarbare da Bakatsine, amma ba wanda aka binne cibiyarsa a rumfar. Mahaɗa ce. Tsohuwar unguwa ana gane ta da gidajen da babu danginsu a wani wuri. Rémy Petit da abokansa sun nuna haka a itatuwan Turai a 2003: wuraren da suka fi yawan tsaga su ne inda hanyoyi suka haɗu, mafaka kuwa ita ke da tsagogin da suka keɓanta. Don haka ka ƙirga waɗanda babu su ko'ina sai nan.

Ka kuma gwama gadon biyu. Zaitun iska ce ke kai garin furensa, ƴaƴansa kuwa sai tsuntsu ya ci ya kai. Ba abin mamaki ba ne kuloroplas ya nuna duwatsu a rabe, cibiya ta nuna su kusa. Ba saɓani ba ne, iri ne ya tsaya, gari ya ƙetare.

Akwai tarkon lokaci. Ƙarancin bambanci ba lallai aikin zamanin ƙanƙara ba ne, yana iya zama na gatari da awaki da farin 1973 da na 1984. Akasin haka ma yana faruwa: itace mai rayuwar ɗaruruwan shekaru yana riƙe da gadon kakanninsa, sai ka ga bambanci mai yawa a rukunin da ya daina haihuwa tuntuni. Wannan arzikin tsofaffi ne da babu magaji, kuma littafinka na daji, inda ka rubuta ko ka ga ƙananan tsiro, shi zai raba maka gardama. Duk shekarun da manhaja ta ba ka na rabuwar zuriya, ka rubuta su da faɗin kuskurensu, wanda sau da yawa yakan ninka adadin kansa.

Mutane na son haɗawa da taswirar yanayin da, ta rumbun bayanan yanayi na WorldClim da manhajar MaxEnt. Tana da amfani, amma tashoshin awon ruwan sama a duwatsun Sahara ƙalilan ne, kuma murabba'in kilomita guda ba ya ganin kwazazzabo mai faɗin taku ashirin inda itacen ya ɓuya. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce garin furen da ya kwanta a lakar tafki. Lakar Tafkin Yowa da ke arewacin Cadi, wadda Stefan Kröpelin da abokansa suka bayyana a 2008, ta nuna cewa a shekara 6,000 da suka wuce zuwa yau hamada a hankali ta dawo, ba dare ɗaya ba. Idan labarin da ganyenka ya bayar ya saɓa da irin wannan shaida, ka koma ka duba lambobinka kafin ka rubuta.

Bayan an gama, jerin haruffan ka zuba su a GenBank tare da lambar reshen da ka ajiye. Wurin GPS na itatuwan da suka yi ƙaranci kada ka buga shi dalla-dalla, ka ba ma'aikatar gandun daji cikakkensa. Sauran ganyen ka bar shi a ambulansa cikin roba mai silika, a ɗaki mai duhu da sanyi, zai yi shekaru yana ba da ADN. A Damagaram watan Agusta ne abin tsoro, danshi kan ratsa ko da murfin roba, don haka da damina ka riƙa buɗewa duk bayan mako biyu, ka canza silikar da launinta ya juya.